Wa Ya Matso da Arlit Kusa?

Motar Land Cruiser ce ƙirar 75 mai buɗaɗɗen baya, irin wadda Toyota ta yi kafin 1999, lokacin da gaba da baya duk sifirin mai falle-falle ne. Injinta 1HZ, mai silinda shida, lita 4.2, ba turbo: ba shi da gaggawa, ba shi kuma da raki. Aikinta jigila. Ta ɗauko albasa daga lambunan Tabelot zuwa Agadas, ta kai kayan masarufi Arlit, wani lokaci ta shiga duwatsun Abzin har Timiya da Iferwan. Mai ita, Alhaji, dattijo ne mai lissafi. Yana da littafi da direba ke rubuta kowace tafiya a ciki: inda aka tashi, inda aka sauka, abin da agogon kilomita ya nuna, da litar man gas da aka zuba.

Da tayoyinta suka cinye, sai aka ba Alhaji shawara ya bar siraran 7.50R16 da ta zo da su, ya sa manya, 315/75R16, wai ta fi tashi a yashi. Tayoyin ba su hawa tsohon wili mai faɗin inci biyar da rabi, don haka aka sayi sababbin wili masu faɗin inci takwas waɗanda suka turo tayoyin waje. Aka sa dogayen ƙarafan rataye sifirin don motar ta ɗago. Mai gyaran bodi ya ɗan yanke bakin madigadin gaba. Mota ta fito gwanin sha'awa, duk wanda ya gan ta a tasha sai ya waiga.

Ba a daɗe ba abubuwa suka fara rikicewa. Littafi ya nuna mota tana shan mai fiye da da. Allurar zafi tana hawa a kan tudu, baƙin hayaƙi na fita daga salansa. Sitiyari ya zama sai an yi ta rarrashinsa. Mafi muni, tayoyin gaba suka fara dawowa daga daji da tsaga a kafaɗarsu ta waje, miƙaƙƙiya sumul kamar an ja da wuƙa. Aka wanke lagireto, aka canja nozil, abin bai sauya ba. Da aka rasa wanda za a kama, sai aka kama wanda ya fi kowa rauni, wato yaron mota. Shi ke kwana da mota, shi ke riƙe da jarkoki, kuma an taɓa jin ya yi ƙorafin kuɗin abinci. Aka ce yana zuƙe mai yana sayarwa, da aka yi masa magana kuma ya huce a kan tayoyi. Aka dakatar da shi.

Yaron ɗan yayata ne. Ya same ni idonsa ja wur. "Kawu, wallahi ko cokali ɗaya ban taɓa ɗiba ba." Na san shi tun yana goye, amma sanin kawu ba hujja ba ce a gaban mai dukiya. A garin da kowa ya san kowa, yaron motar da aka ce ɓarawo ne ya gama aikin mota, domin ba direban da zai sake ɗaukarsa. Na roƙi Alhaji a kai motar wurin wani tsohon bakanike da gashinsa ya yi fari a ƙarƙashin irin waɗannan motoci. Alhaji mutumin kirki ne da lissafi ya ruɗe, ya kuwa yarda.

Bakaniken bai buɗe gaban mota ba. Ya ce, "Alhaji, a ba ni littafin kafin a ba ni makulli." Ya zauna a kan wani tsohon batir yana bin layuka da farce, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ɗago.

"Alhaji, wa ya matso da Arlit kusa?"

"Ban gane ba, Malam."

"Ga shi nan. Kafin ka sa tayoyin nan, Agadas zuwa Arlit kilomita 240 ne, wani lokaci da 'yan kai. Bayan ka sa, duk tafiya 220 ce, ko da 'yan kai."

Hanyar nan ta yuraniyom kwaltarta ta farfashe, direbobi kan ratse gefe, saboda haka ba a mamakin bambancin kilomita biyu ko uku. Amma ashirin a kowace tafiya, kuma daga rana ɗaya, ba ratse ba ne. Alhaji ya ce ko an taɓa wayar agogon ne. Bakanike ya aika a kawo alli da tef na awo. Ya shata alama a jikin tayar baya da wata a ƙasa, ya sa yara suka tura mota a kan shimfiɗaɗɗen fili har taya ta juya sau goma cif. Aka auna, kusan mita 27. A garejin akwai wata irinta da ke kan 7.50R16, aka yi mata haka, ba ta cika mita 25 ba.

Dalilin yana rubuce a jikin tayar. Lambar 315 faɗinta ne a milimita, 75 na nufin tsayin gefenta kashi 75 cikin 100 na faɗin, wato milimita 236, 16 kuma wili ne a inci, milimita 406. Gefe biyu da wili sun ba da milimita 879 daga ƙasa zuwa sama. Tsohuwar tayar kimanin 808 ce. Sabuwar ta fi ta da kusan kashi 9 cikin 100. Agogon motar kuwa bai san ƙasa ba. Wayarsa daga akwatin giyar taimako take, juyin farfela yake ƙirgawa, kuma an saita shi ne a kan tsohuwar taya. Duk juyin taya ɗaya mota tana ƙara tafiyar santimita 22 da ba a rubuta ba. Ka ɗauka an zuba lita 40 zuwa Arlit. A raba da 240, lita 16.7 ke nan a kowane kilomita 100. A raba da 220, ya zama 18.2. Lita ɗaya da rabi a kowane kilomita 100 ta ɓace a takarda alhali babu wanda ya taɓa jarka.

Alhaji ya yi shiru, ya ciro wayarsa ya sake bugawa da kansa. Sannan ya ce, "Na yarda da wannan. To sauran fa? Abin da ya ƙaru ya wuce haka."

Gaskiyarsa. Bakanike ya ce a loda mota kamar za ta tafi aiki, ya zauna gefen direba, ni da Alhaji muka matsu a ciki. A miƙaƙƙiyar hanya ya buɗe taswirar waya mai nuna gudu. Allurar mota na kan 80, waya na cewa 87. Ashe duk watannin nan direba yana gudu fiye da yadda yake zato, da mota mai tsayi da kaya jibge a kai tana karo da iska. Da muka fara hawan wani tudu, direba ya bar ta a giya ta biyar kamar yadda ya saba shekara da shekaru, ya danne totur har ƙasa. Injin ya yi gurnani, hayaƙi ya turnuƙe a madubi, allurar zafi ta fara rarrafe. Bakanike ya sa aka juya aka sake hawan tudun a giya ta huɗu. Hayaƙi ya ragu ƙwarai, allura ba ta motsa ba.

Nan ya yi mana bayani, yana zana da tsinke a ƙasa. A cikin ƙwaryar aksil akwai ƙaramar giya mai haƙora 9 da ke juya babba mai haƙora 37, saboda haka farfela kan juya sau 4.11 kafin taya ta juya sau ɗaya. Taya ita ce giyar ƙarshe, ko da yake ba wanda ke kiranta haka. Da aka ƙara mata tsayi, 4.11 ya koma kamar 3.78. A gudun kilomita 80 na gaskiya a giya ta biyar, injin da ke juyi kusan 1,900 a minti ya sauko kusan 1,700, alhali 1HZ ya fi ƙarfin ja a wajen 2,200. Direba na jin mota ta yi nauyi sai ya ƙara taka totur, famfo ya ƙara watsa mai, iska kuma ba ta ƙaru ba tunda ba turbo. Man da bai ƙone sarai ba shi ne baƙin hayaƙin. Fanka da famfon ruwa su ma da injin suke juyawa, ga wuta ta ƙaru ga sanyaya ta ragu. A ƙara da nauyin tayoyin da faɗinsu da ke jan ƙasa. Man ya tafi da gaske, amma ta salansa ya fita.

Saura tsagar, kuma ita ce ta fi tsaya wa Alhaji a rai, domin mai ana iya cewa kuskuren lissafi ne, wuƙa kuwa niyya ce. A gareji aka murɗe sitiyari har ƙarshe hagu da dama, aka zura hannu tsakanin taya da bodi, yatsu uku na shiga lafiya. Direba ya ce shi ma ya gwada haka ba sau ɗaya ba. Bakanike ya tambaye shi ko tayar ta taɓa tsagewa a hanyar Arlit. A'a, sai in an shiga Abzin. Ya kuma lura tsagar duk a layi ɗaya take, tazararta daga gefen taya ba ta canjawa. Mai jin haushi ba ya awo kafin ya yi yanka.

Ya sa aka mulke cikin madigadi da alli, da bakinsa, da gefen sifirin. Muka fita bayan gari zuwa wani busasshen kwari mai gangare. Ya ce wa direba ya sauka a karkace, da sitiyari a murɗe, yadda ake yi in ana kauce wa dutse. Taya ɗaya ta gaba ta nutse cikin bodi, ɗayar ta rataya. Muka ji wani ɗan ƙara, ƙiiit, gajere, wanda a cikin rugugin kaya da gargada ba mai kula da shi. Da aka fito muka leƙa. Allin bakin madigadin gaba, ta wajen baya, ya goge tas, tsawon tafin hannu, ƙarfen yana ƙyalli, ga ɓarɓashin roba maƙale a jiki. Wurin da mai gyaran bodi ya yanke ne bai naɗe bakin ba. Bakanike ya kama hannun Alhaji ya ɗora a kai a hankali, Alhaji ya janye da sauri.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba, ɗaga mota yana canja inda take tsayawa ne in tana hutawa, ba ya canja iyakar inda aksil zai kai in sifirin ya danne. Wannan iyaka aikin wata dunƙulalliyar roba ce da ke jikin shasi, kuma ba a taɓa ta ba. Aksil na hawa har inda ya saba, sai dai yanzu yana ɗauke da tayar da ta fi tsayi da santimita uku da rabi ta sama, ta fi faɗi, kuma wili ya turo ta waje daidai ƙarƙashin kaifin.

Alhaji ya juya ya dubi yaron, wanda ya biyo mu a bayan mota bai ce komai ba tun safe. "Ɗana, ka yafe mini. Na ɗauki alhakinka." Ya faɗa a gaban direba da yaran gareji, ya kuma maimaita a tasha inda aka fara yaɗa maganar. Wannan na biyun shi ne ya mayar wa yaron da sana'arsa, kuma ba kowane mai mota ke iya yin sa ba.

Gano matsalar sitiyari bai ba da wahala ba. A wannan ƙirar, ƙarfen rataye sifirin gaba yana can gaba kusa da bamba. In aka tsawaita shi, kan sifirin ya sunkuya, aksil ya ɗan mirgina, sai kwanciyar da ke sa taya ta koma tsakiya da kanta ta ragu. Dubi ƙafar gaban keke yadda ta kwanta, shi ya sa yaro ke iya sakin hannu yana tafiya; miƙar da ita tsaye ka ga ko zai iya. Ga shi kuma tsawon inci biyu a ƙarfen inci ɗaya kawai yake ɗaga mota. Da aka ɗaga gaba da jak, bakanike ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ta yi ƙwas-ƙwas. Boris ɗin da taya ke juyawa a kansu in an murɗa sitiyari sun fara sakin jiki, saboda wilin da ya turo nauyi waje.

Aka zauna shawara. In Alhaji na son manyan tayoyin, sai a canja haƙoran aksil zuwa 9 da 41, wato 4.56, kuma gaba da baya tare, domin in suka saɓa, ranar da aka sa giyar taimako a ƙasa mai tauri wani abu zai karye. Sai a ƙara wa robar shasi kauri, a naɗe bakin madigadi, a sa sifirin na gaske maimakon dogayen ƙarafa. Duk da haka birki zai ci gaba da wahala, mahaɗan aksil ɗin gaba kuma za su riƙa ɗaukar abin da ya fi na da. Ni a ganina wannan kuɗi ne mai yawa a kan ribar santimita uku da rabi a ƙarƙashin aksil. Abin da ke fitar da mota daga yashi ba faɗin taya ba ne kawai. Direbobin Tenere sun daɗe suna ratsa rairayi da siraran tayoyi, suna sauke iska zuwa wajen bar ɗaya don tafin tayar ya miƙe, in sun fito ƙasa mai tauri su mayar.

Alhaji ya sayar da tayoyin da wilinsu ga wani mai injin da ya fi nasa ƙarfi. Ya sa 255/85R16, doguwa siririya, milimita 840, a kan wilin da bai turo waje ba. Aka mayar da ƙarafan sifirin na asali, aka sa sababbin falle a madadin waɗanda suka kwanta, aka canja boris, aka naɗe bakin madigadi da guduma aka shafe shi da fenti. Da aka koma kwarin nan da alli, ko'ina ya dawo fari. Bambancin agogo ya rage kashi 4 cikin 100, bakanike ya rubuta 1.04 a bangon littafin, ya ce a riƙa ninka kilomita da shi kafin a raba mai.