ZAMAN MASU KOYON ITALIYANCI A GARIN FERUJA

Manoman Keita sun san mutanen Italiya tun 1984, lokacin da ƙasarsu ta zuba kuɗɗi cikin aikin gyaran ƙasa da dashen itatuwa na Adar. Taliya kuwa kowa ya santa a kasuwa. Amma yaya ɗan Afirka yake zama in ya tahi can koyon harshensu?

Akwai wani gari a tsakiyar Italiya, sunansa Feruja, babban birnin yankin Umbiriya. A nan aka fara koya ma baƙi Italiyanci a 1921, har abin ya zama jami'a ta baƙi. Garin bisa tudu yake. Mai zuwa lakkwal kullum cikin hawa da sauka yake, don haka aka yi matakala mai tahiya da kanta, kuma a 2008 aka buɗe wani ɗan ƙaramin jirgi mai ɗauko mutane daga gindin tudu.

Aikin farko ba karatu ba ne, takarda ce. Wanda zai wuce kwana 90 sai ya samu biza ta karatu tun daga gida. In ya sauka, yana da kwana 8 na aiki ya nemi takardar izinin zama. Yana ɗaukar takardun a gidan waya, ya cika, ya maida, daga baya ƴan sanda su kira shi su ɗauki hoton yatsunsa. Wanda ya yi sakaci da wannan, dukan wahalar da iyayensa suka sha tana iya tahiya banza.

A aji ana haɗuwa da mutanen Sin, da Larabawa, da Jamusawa, da ƴan Afirka. Malami ba ya magana da kowane harshe sai Italiyanci, tun ranar farko. Karatun hawa 6 ne, daga A1 zuwa C2. Baƙaƙen Italiyanci na asali 21 ne, kuma galibi yadda aka rubuta haka ake faɗi. A nan wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana da ɗan rabo. Baƙin "c" in ya zo gaban "e" ko "i", kamar namu na "ciyawa" ake faɗinsa. Gaisuwarsu ta abokai, "ciao", ana cewa "cawo".

Kunnen Bahaushe kuma ya saba da ninkin baƙi, abin da ke ba wasu baƙi wuya ƙwarai. Ga misali da zai ba makiyaya dariya. "Nono" a wurinsu ba na saniya ba ne, ma'anarsa "na tara". In aka ninka aka ce "nonno", to kaka ne namiji. Gida kuwa "casa" ne, wasu su ce "kasa", wasu su ce "kaza". Wanda ya ninka ya ce "cassa", ya koma maganar akwati ko wurin biyan kuɗɗi. Suna da girmamawa irin tamu: "tu" ga tsara, "Lei" ga babba ko baƙo, kamar yadda ake ce ma dattijo "ku". Sai dai gaisuwarsu gajera ce. "Buongiorno" kawai, an wuce. Ba a tambayar gajiya, ba a tambayar iyali da bisashe. Sabon zuwa yakan ɗauka wulaƙanci ne, alhali al'ada ce.

Wurin kwana shi ke cin kuɗɗi. Ɗalibai uku ko huɗu suna haɗuwa su kama gida ɗaya, kowa da ɗakinsa ko biyu a ɗaki, madafa ɗaya. Tun 2002 da Yuro ake ciniki can, kuma Yuro ɗaya ya ɗara dala 131. Ɗan kofin gahawa da ake shanyewa a tsaye ya kan wuce Yuro ɗaya. Mai hankali yana dafa abincinsa, ko ya ci a gidan abincin ɗalibai.

Abincin yau da kullum taliya ce da miyar tumatir da man zaitun, da cukun madarar tumaki. Burodin Feruja ba shi da gishiri. Mutanen garin suna cewa abin ya samo asali daga 1540, lokacin da suka yi tawaye saboda harajin gishiri da Fafaroma ya ɗora musu. Musulmi kuwa kalmar da ya kamata ya fara riƙewa ita ce "maiale", wato alade, domin yankin ya yi suna wajen sarrafa namansa. Har kitsensa, "strutto", yana shiga wani burodi, saboda haka sai an karanta takardar da ke jikin kaya.

Sanyin can ba irin na hunturunmu ba ne. A watan Disamba rana tana faɗuwa kahin ƙarhe 5 na marece, ga iska bisa tudu, wata shekara har da ƙanƙara. A lokacin ne kewar gida ke kama mutum. Sai ya rufe ɗaki, ya zauna da waya, ko ya nemi masu jin Faransanci su yi ta hira. Wannan shi ne babban tarko. Mutum ya yi wata 6 a Italiya, bakinsa bai buɗe ba, alhali wataƙila shanu aka sayar don tahiyarsa.

Waɗanda harshen ke zama a bakinsu da wuri su ne masu hita. Da marece mutanen garin suna zuba a babbar hanya, Corso Vannucci, suna tahiya sannu suna hira, wasu suna zaune bisa matakalar babban coci gaban tsohuwar maɓuɓɓugar ruwa da aka gama ginawa a 1278. Nan ɗalibi yake saurare, ya yi kuskure, a gyara mishi. Mai sayar da kayan miya da tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi su ma malamai ne, kuma ba a biyansu.

A ƙarshe akwai jarrabawa mai suna CELI, wadda jami'ar Feruja ke shiryawa. Takardarta ake nunawa in za a shiga wata jami'ar Italiya don karatun noma, ko likitancin dabbobi, ko aikin ruwa.