Mutanen da Suka Buɗe Hanyar Maƙabarta a PK5

Unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, wadda aka fi sani da PK5, kasuwa ce tun asali. Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi sun daɗe suna saye da sayarwa a wurin, har ta zama cibiyar ciniki ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Daga Disamban 2013 kuwa sai ta koma kurkuku. 'Yan tawayen Seleka, waɗanda galibinsu Musulmi ne, sun ƙwace mulki a watan Maris na shekarar, suka tafka ta'asa. 'Yan bindigar anti-balaka suka taso da sunan ramuwar gayya, suka ɗora laifin a kan kowane Musulmi. Wanda ya ƙetare iyakar unguwa, Allah kaɗai ya san ko zai dawo.

Har gawa ba ta tsira ba. Maƙabartar Musulmi tana unguwar Boeing, can wajen filin jirgin M'Poko, hanya kuma a toshe. A yi wa mamaci wanka, a sa shi a likkafani, a sallace shi, sannan a tsaya ana kallon-kallo: ina za a kai shi? Wasu a tsakar gida suka haƙa wa nasu kabari.

Akwai dai waɗanda suka hango wutar tun tana hayaƙi. A Disamban 2012, Imam Omar Kobine Layama da Akbishop Dieudonné Nzapalainga na Katolika da Fasto Nicolas Guérékoyame-Gbangou suka kafa dandalin shugabannin addinai na ƙasar, PCRC. Su ukun suka riƙa shiga mota ɗaya suna bin garuruwa, suna faɗa wa jama'a cewa rikicin na neman mulki ne aka lulluɓe da rigar addini. Da rayuwar Imam ta shiga haɗari, Akbishop ya ɗauke shi da iyalinsa ya sauke a gidansa, suka yi watanni a can. A 2015 dandalin ya samu lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello. A ranar 30 ga Nuwamban shekarar kuma Paparoma Francis ya shiga PK5 da kansa, ya tuɓe takalmi a babban masallacin Koudoukou.

Waɗannan duniya ta san su, sun kuma cancanta. Ni dai hankalina ya fi tsayawa kan abin da ya biyo baya. A ranar 11 ga Fabrairun 2016, mutanen PK5 da na Boeing suka sa hannu kan yarjejeniyar daina kai wa juna hari, da tallafin rundunar MINUSCA ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka buɗe hanyar maƙabarta. Masu unguwanni da limamai da fastoci da mata da matasa ne suka yi ta safa da marwa kafin a kai ga haka, sunayen yawancinsu kuwa ba su taɓa shiga jarida ba. Zama da wanda kake zargin da hannunsa a kisan ɗan'uwanka ba wasan yara ba ne, balle ka koma gida naka su kira ka munafuki.

Kada kuma ɗokin wannan nasara ya sa a ce komai ya wuce. A ranar 1 ga Mayun 2018 an kai hari cocin Fatima da ke gefen unguwar, aka kashe masu ibada har da Fada Albert Toungoumale-Baba, mutumin da aka sani da aikin sulhu. A Disamban 2019 'yan kasuwar PK5 suka gaji da harajin 'yan bindigar da ke iƙirarin kare su, aka gwabza, rayuka suka salwanta. Shari'a ma tafiyar hawainiya take yi: kotun musamman da aka kafa a 2015 ba ta yanke hukuncinta na farko ba sai Oktoban 2022.

Imam Kobine ya rasu a ranar 28 ga Nuwamban 2020, Allah ya jiƙansa. Duk sa'ad da ranar kafa dandalin ta zagayo, ko ranar yarjejeniyar Boeing, ina kira ga masu shirya taro su rage wa manyan baƙi lokacin jawabi. A kira mutanen unguwa da suka yi zirga-zirgar nan, a ambaci sunansu ɗaya bayan ɗaya, a zaunar da su a sahun gaba tun suna da rai.