Idan Coci Na Jiran Sabon Fada: Abin Da Ya Kamata Ɗan Zango Ya Sani A Sokode Da Dapaong

Duk shekara idan damina ta yi nisa, yara na shirin komawa makaranta, akwai wata takarda da maƙwabtanmu 'yan ɗarikar Katolika ke dako kamar yadda muke dakon ganin wata. Daga ofishin bishop take fitowa, ɗauke da sunayen limaman cocin da aka sauya wa wurin aiki. Wane ya tashi daga nan ya koma can, wane an tura shi ƙarin karatu, wane tsufa ya kama shi ya je ya huta. Ranar da takardar ta fito, wata coci murna, wata kuwa jugum, don an ɗauke mata Fada kuma ba ta san wanda zai zo ba.

Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da leshi nake sayarwa, kuma tsakanin Sokode da Dapaong nake kai-komo shekara da shekaru. Na san wani zai ce, to Alhaji, mu Musulmi ina ruwanmu da wanda zai ja wa Kirista ibada? Da ruwanmu, jama'a. Da yawa cikinmu 'ya'yansu na makarantar mishan, matanmu na kai yara asibitin sista, wasu shagunansu ma a jikin katangar coci suke. Mutumin da aka turo ya riƙe cocin unguwa maƙwabcinka ne na shekaru, ko ka so ko ka ƙi. Shi ya sa na ga ya dace in bayyana yadda ake samo shi.

Wa ke zaɓa?

A zango, idan liman ya rasu, dattawa da malamai da sarkin zango kan zauna su duba wanda ya fi cancanta, sau da yawa na'ibi ne ko wani daga gidan malamai. Mu ke zaɓen namu. A Katolika abin ba haka yake ba. Suna da kundin dokoki wanda Paparoma John Paul na Biyu ya sa wa hannu a 1983, kuma a cikinsa doka ta 523 ta ba bishop ikon naɗa limamin da zai shugabanci kowace coci da yankinta. Doka ta 524 ta umarce shi ya saurari babban limamin da ke kula da shiyyar, ya yi bincike, in ya ga da buƙata ya ji ta bakin wasu limamai da wasu daga cikin mabiya. Shawara ce kawai. Ba a kaɗa ƙuri'a.

Wata mata da ta daɗe tana ɗaukar kaya a wurina a babbar kasuwar Sokode, shugabar mata ce a cocinsu, ta zo sayen anko lokacin da aka ɗauke musu Fada. Na ce mata, "Maman, ku da kuka gina cocin nan da guminku, ba za ku ce ga wanda kuke so ba?" Ta yi dariya ta ce, "Alhaji, mu roƙo ne namu. Mun rubuta wasiƙa, mun ce a taimake mu da wanda ke jin yarenmu, mai haƙuri da tsofaffi, wanda ba ya ƙyamar maƙwabta. Sauran kuma sai abin da Monsenya ya gani." Monsenya shi ne yadda suke kiran bishop a nan.

Kun ga ke nan, neman sabon Fada a wurinsu ba tallata gurbi ba ne. Addu'a ce, da wasiƙa, da tura dattawa gaisuwa gidan bishop, sai kuma jira.

Me ke sa gurbi ya buɗe? Rasuwa, ko rashin lafiya, ko sauyin wurin aiki, ko tsufa. Dokarsu ta ce idan limamin da ke riƙe da coci ya cika shekara 75, ana roƙonsa ya miƙa wa bishop takardar ajiye aiki, bishop ya duba ko zai karɓa ko zai jinkirta. Shi kansa bishop haka yake yi wa Paparoma idan ya kai waɗannan shekaru.

Kafin sabo ya iso

Ba a barin coci haka nan babu mai riƙo. Bishop kan naɗa wani limami a matsayin mai riƙon ƙwarya. Zai ja ibada, ya ɗaura aure, ya yi jana'iza, amma doka ta hana shi yin abin da zai tauye haƙƙin wanda zai zo ko ya jawo wa dukiyar coci asara. Inda limamai suka yi ƙaranci sosai, doka ta 517 ta yarda a danƙa wani ɓangare na kula da jama'a ga wanda ba limami ba, amma da limamin da ke sa ido daga sama.

A ƙauyukan arewacin Togo, wanda ke ɗauke da wannan nauyi a zahiri shi ne katekis, wato malamin da ke koyar da addini a yaren mutane. Shi ke tara jama'a ranar Lahadi idan Fada bai samu zuwa ba, shi ke zuwa gidan makoki, shi ya san wa ke faɗa da wa. Fada kan zo ya tafi, katekis na nan. Duk mai son sanin halin da cocin unguwarsa ke ciki, shi zai tambaya.

Samun limami kuwa ba abu ne na sha yanzu magani yanzu ba. Sai yaro ya gama sakandare, sannan ya yi shekarar share fage a Notse, ya yi falsafa a makarantar Benoît XVI da ke Tchitchao kusa da Kara, ya wuce Lome makarantar Jean-Paul II karatun tauhidinsu. Dokarsu ta ce falsafa da tauhidi su kai aƙalla shekara 6, kuma ba a naɗa mutum limami sai ya cika shekara 25. Bayan haka ma yawanci sai ya yi shekaru yana mataimaki kafin a ba shi coci tasa. Kuma ba ya aure, saboda haka babu zancen ɗa ya gaji uba kamar yadda akan yi a wasu gidajen malamanmu.

Jiran da garuruwan biyu suka taɓa yi

Tun kafin a kafa cocin farko a wannan yanki, fatakenmu na ratsa ƙasar Kotokoli da Sansanne Mango zuwa Gwanja neman goro, shi ya sa har gobe Musulmi ne suka fi yawa a Sokode. Katolika sun kafa yankinsu na Sokode a 1937, ya zama cikakkiyar dayosis a 1955, duk a hannun Turawan mishan. Sai a 1965 aka samu ɗan ƙasa na farko a kujerar, Bishop Chrétien Bakpessi. Da ya rasu a 1992, sai da aka yi kusan shekara guda kafin a naɗa Ambroise Djoliba a 1993. Shekara guda bayan haka, a 1994, aka yanki Kara daga jikin Sokode ta zama dayosis mai zaman kanta.

Jiran Dapaong ya fi tsawo. An ware yankin a 1960, ya zama dayosis a 1965 ƙarƙashin wani Bafaranshe, Barthélemy Hanrion. Ya ajiye aiki a 1984, kuma sai a ƙarshen 1990 aka naɗa Jacques Anyilunda. Shekara 6 ke nan ana tafiya da mai riƙon ƙwarya. Cikin wannan jira ne Paparoma John Paul na Biyu ya zo Togo a watan Agustan 1985, ya hau har Kara ya naɗa sababbin limamai da hannunsa.

A 2016 kuma garuruwan biyu suka samu sababbin bishop-bishop a shekara guda: Célestin-Marie Gaoua a Sokode cikin Janairu, Dominique Guigbile a Dapaong cikin Nuwamba. Na farkon daga dayosis ɗin Atakpame aka ɗauko shi, na biyun ɗan yankin Dapaong ne. Idan ka ji an ce an sauya Fada a cocin Sainte Thérèse ta Sokode ko Saint Charles Lwanga ta Dapaong, ko wata ƙaramar coci ta bayan gari, to daga teburin bishop na wurin maganar ta fito.

Inda abin ya fi nauyi

A Sokode, abin da 'yan coci suka fi damuwa da shi shi ne a turo musu wanda ya iya zama da Musulmi. Su ne marasa rinjaye, kuma gida guda kan haɗa Musulmi da Kirista, wa da ƙane. Fadan da bai san lokacin sallar Juma'a ba, ko bai san yadda ake gaida malami ba, zai jawo musu magana ba da niyya ba. Ga kuma yare: gari ne na Kotokoli, amma masu zuwa coci da yawa Kabiye ne da Nawdeba da mutanen kudu da aikin gwamnati ya kawo. Wanda zai riƙe su sai mai kunne da yawa.

Dapaong kuwa, fiye da kilomita 600 daga Lome, damuwarta ta wuce nan. Duk wanda ke bin hanyar Sinkase ya san abin da nake nufi. A ranar 15 ga Fabrairun 2019 'yan bindiga suka kashe wani Fada ɗan Sifaniya, Antonio César Fernández, a shingen kwastan na Nohao cikin Burkina Faso, jim kaɗan bayan ya tsallaka iyaka daga Togo. A watan Mayun 2022 aka kai hari Kpekpakandi aka kashe sojojin Togo 8, wata guda bayan haka gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes. Mutane sun baro ƙauyukan Kpendjal sun shigo gari, Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya, kowa da ƙunshinsa a ka.

A irin wannan hali, Fadan da aka turo ba jan ibada kawai zai yi ba. Harabar cocinsa na iya zama masaukin 'yan gudun hijira. Ta hannunsa wani taimakon OCDI, ƙungiyar agajin Katolika ta Togo, kan bi ya isa ga mabuƙata. Kuma bakinsa na da nauyi. Mu da 'yan'uwanmu Fulani mun san yadda ake yi mana kallon zargi duk lokacin da aka kai hari, don kawai suna da sutura. Idan mai huɗubar Lahadi ya gaya wa jama'arsa cewa mai shagon nan na zango ba shi ne ɗan bindigar daji ba, ranar Litinin za ka ga bambanci a kasuwa. Idan kuwa aka samu mai zuga, shi ma za ka gani.

Na shaida wannan da idona a wata unguwa da na taɓa zama. Rigima ta taso kan lasifika: masu coci na kwanan addu'a, masu masallaci na cewa an hana su jin kiran Asuba. Samari har sun fara ɗaga murya. Fadan wurin, dattijo ne da ya daɗe, ya taka da ƙafarsa har zauren liman, ya tuɓe takalmi, suka sha ruwa, suka tsayar da lokaci. Magana ta mutu a ranar. Abin da ya sa ta mutu da wuri, sun riga sun san juna: yakan zo barka da Sallah, liman kan aika masa cinyar rago. Da baƙo ne wanda ba a taɓa gaisawa da shi ba, Allah kaɗai ya san inda za a tsaya.

Abin da ya rage namu

Na farko, harkar kuɗi. A dokarsu limamin coci ne ke wakiltarta a duk wata hulɗa ta shari'a, kuma dole kowace coci ta kasance da kwamitin kuɗi. Idan kana haya a shagon coci, ko ka ba su kaya bashi, siminti ne ko kujeru ko ankon biki, kada ka tsaya kan "ai mun yi magana da Fada". Fada na iya tashi cikin wata guda. A rubuta, a sa hannu, a buga hatimin coci, wani ɗan kwamitin kuɗi ya shaida. Lokacin riƙon ƙwarya kuwa, kada ka ƙulla yarjejeniya mai tsawo, ka bari sabon ya zauna tukuna.

Na biyu, iyaye mata masu yara a makarantar mishan: duk wata alfarma da tsohon Fada ya yi muku, ta sassaucin kuɗin makaranta ko ta barin yaro ya fita Juma'a, ku je wurin shugaban makaranta tun kafin a koma aji ku tabbatar tana nan. Sabo bai san alkawarin da ba a rubuta ba.

Na uku, kuma shi ya fi: a je a yi masa sannu da zuwa. Ranar da za a zaunar da sabon Fada a kujerarsa biki ne babba, bishop ko wakilinsa kan zo, kuma sukan gayyaci sarakuna da limamai. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga coci ba, babu tilas. Washegari ma rana ce. Sarkin zango da liman da 'yan kasuwa biyu-uku su ɗauki goro su je gidansa, su gaya masa sunayensu, su nuna masa inda masallaci yake, a karɓi lambar waya. Ba a ce ka bar addininka ba, ba a ce ya bar nasa ba. Haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma addininmu ya yi mana wasiyya da shi.

Iyayenmu da suka zauna ƙasashen mutane ba da ƙarfi suka zauna ba. Sun san wa ke da gari, wa ke da unguwa, kuma sun san zumunta a ƙafa take. Zaɓen Fada ba namu ba ne, ba ma na 'yan cocin ba ne. Amma tarbar da zai samu daga zango a makonsa na farko, wannan a hannunmu take. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya kawo sauƙi a arewacin Togo, ya sa albarka a kasuwa.