Waya A Cikin Ƙwaƙwalwa Don Maganin Baƙin Ciki

Jama'a, ku sani akwai wani baƙin ciki wanda ba rashi ya kawo shi ba, ba kuwa karayar arziki ba. Cuta ce. Takan hana mutum barci da ci da sana'a, har ya ƙi ransa. Galibi magani da shawarar likita sukan warkar da ita, amma akwai waɗanda an gwada musu magani iri iri, abin ya faskara.

Saboda irin waɗannan ne likitoci suka waiwayi wata dabara. A shekarar 1987, a birnin Grenoble na Faransa, Likita Alim-Louis Benabid ya gane cewa in an aika da wutar lantarki kaɗan can cikin ƙwaƙwalwa, makyarkyatar hannu takan tsaya. Yadda ake yi ke nan: a huda ƙoƙon kai, a zura siririyar waya, a haɗa ta da batir wanda aka binne ƙarƙashin fatar ƙirji. Batirin kuwa yana bugawa wajen sau 130 a daƙiƙa guda. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da dabarar don makyarkyata a 1997, don ciwon Parkinson a 2002, don farfaɗiya a 2018.

To, a 2005 Likita Helen Mayberg da Likita Andres Lozano suka ba da labarin mutum 6 masu baƙin ciki mai taurin kai da aka yi wa aikin a Toronto ta Kanada. Sun nufi wani gurbi da ake kira yanki na 25, wanda ke yawan motsi ga masu cutar. Mutum 4 suka sami sauƙi ƙwarai.

Amma kasuwar kwana ɗaya ba ta nuna riba. Da aka yi babban gwaji da mutum 90, aka kunna wa wasu batir, aka bar na wasu a kashe, ba a ga bambanci bayyananne ba bayan wata 6. An buga wannan sakamako a 2017. Ga kuma haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa da ruɓar rauni, ban da tsada.

Saboda haka, ga baƙin ciki dai, aikin yana matsayin gwaji tukuna. Wanda ya ga ɗan'uwansa ya daɗe cikin ƙunci, kada ya ce masa raggo. Ya kai shi ga likita tun da wuri.