Me ya sa waƙar da ka sauke a manhaja ba ta turuwa ta Xender?

Duk wanda ya taɓa kai memori wajen masu tura fina-finai a Sabon Garin Gusau ya san yadda abin yake: a cika maka, ka biya, ka tura wa wanda ka so. Amma idan ka sauke fim a Netflix, ko waƙa a Spotify, ka neme su cikin fayilolin wayarka ba za ka ga abin da za ka iya turawa ba. Suna nan, sun ci maka data da wurin ajiya, sai dai a kulle suke.

Wannan kullewa ita ake kira DRM. Manhajar tana dagula fayil ɗin yadda babu mai iya karanta shi sai da wani mabuɗi da ke hannun kamfanin, kuma lokaci zuwa lokaci sai wayarka ta leƙa intanet ta sabunta izini. Wato kuɗin da ka biya na haya ne, ba na saye ba. Ranar da kuɗin wata ya ƙare, abin da ka sauke ya daina buɗuwa.

Mutanen Zamfara sun fi kowa dalilin lura da wannan. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Gusau aka fara buɗe wa, wurare irin su Tsafe da Bungudu kuwa suka ci gaba da jira. Ƙa'idar Spotify ita ce ka hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba waƙoƙin da ka sauke su tafi. A irin wannan hali, wanda ya biya kuɗinsa ta halal ne ke rasa abin saurare, mai kwafin sata a memori kuwa ko a jikinsa. A ganina nan ne tsarin ya fi rashin adalci.

Makullin yana shafar har ingancin hoto. Wayoyin Android suna amfani da tsarin Google mai suna Widevine. Wayar da ke matakin L3 ba ta samun fim tangaran a Netflix komai girman fuskarta, sai mai L1. Kafin ka sayi waya, duba wannan a saitin manhajar Netflix.

To, me doka ta ce? A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar. Sashe na 50 ya haramta fasa irin wannan makulli, da sayar da kayan fasa shi. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke lura da aiwatarwa. Akwai hujja a nan, domin satar fasaha ta daɗe tana karya 'yan Kannywood, har da yawansu suka koma sakin shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So a YouTube.

Sai dai dokar ba ta bar mai saye hannu rabbana ba. Sashe na 20 ya yarda da amfani cikin adalci, kamar amfanin kai, nazari da bincike da ba na kasuwanci ba, sharhi da kawo labarai, kuma dokar ta ba da damar mayar da littafi yadda makafi za su iya karantawa. Tura wa zauren WhatsApp fim sukutum, ko karɓar kuɗi a kansa, ba ya cikin wannan rangwame.

Ko abin da aka ce ka saya ma ba shi da tabbas. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan waya da kwamfuta, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, sai kuɗi aka mayar musu. Don haka kafin ka biya, duba ko za a ba ka fayil na MP3 ko PDF da za ka iya kwafewa zuwa memori, ko kuwa sai cikin manhajar kaɗai yake buɗuwa.