Lemar Kwaɗin da Ta Tsiro a Hamada

Mutanen Yusufari da Nguru da Gashuwa ba baƙin guguwar bazara ba ne, wadda kan taso daga rairayi mai zafi ta murɗe ƙura ta yi sama da ita. Dalilinta kuwa shi ne iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, saboda haka tilas ta hau. To, wannan ƙa'ida ce ke haifar da gajimaren nan mai siffar lemar kwaɗi da kan biyo bayan fashewar babban bom.

An ga irinsa a Hamadar da ke arewa da mu ran 13 ga Fabrairu 1960, sa'ad da Faransa ta gwada bom ɗinta na atom na farko a Reggane, cikin Aljeriya. Ƙarfinsa ya kai na tan 70,000 na nakiya, watau ya ninka na Hiroshima sau huɗu da ɗoriya.

Da zarar bom ya fashe, sai dunƙulen wuta mai tsananin zafi ya yunƙura sama kamar kumfa a cikin ruwa. Tsakiyarsa ta fi gefensa sauri, domin iskar waje tana jan gefen, sai ya riƙa naɗewa kamar gammo. Gurbin da ya bari a ƙasa kuwa, iska takan rugo ta cike shi, ta kwashi rairayi ta bi bayansa. Wannan ita ce sandar lemar. Yana hawa yana hucewa, har ya isa inda nauyinsa ya yi daidai da na iskar wurin, nan sai ya baje, kamar yadda kan hadari ke bajewa da damina.

Haɗarin yana cikin ƙurar nan da aka zuƙa, gama takan gauraya da gubar nukiliya, iska ta yi gaba da ita. Taswirar sojan Faransa da ta bayyana a 2014 ta nuna cewa ƙurar gwajin farko ta isa Chadi da Mali.

Shugabanninmu sun hango wannan tun da wuri. A Janairu 1961, bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Ikko, domin ta san iskar Hamada ba ta tsayawa a kan iyaka.