Illela: Yaran Bakin Iyaka Na Bukatar Masaukin Kirki

Garin Illela yana arewa da birnin Sakkwato da tazarar fiye da kilomita 80, daf da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar. Kowace Lahadi kasuwarsa takan cika da fatake da 'yan tireda da dillalan dabbobi daga ƙasashen biyu. A cikin wannan hada-hada akwai wasu bayin Allah da ba a cika lura da su ba, watau ƙananan yara waɗanda ba su da makwanci sai rumfunan kasuwa da tashar mota.

Yaran nan iri-iri ne. Akwai almajirai da iyayensu suka kawo karatu, ba tare da guzuri ba. Akwai marayu da 'yan gudun hijira daga ƙauyukan gabashin jihar, kamar na Sabon Birni da Isa da Goronyo, inda 'yan bindiga suka tarwatsa gidaje. Akwai kuma waɗanda masu fataucin mutane ke bi da su ta hanyar Ƙonni da Tawa zuwa Agadas. Ba a manta da abin da ya faru a watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamadar Nijar kan hanyar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne.

Ta fuskar doka, ba a bar yaran nan kara zube ba. Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara cikin 2003, shekarar da aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. A watan Nuwamba na 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu kan Dokar Kare Yara ta Jihar Sakkwato. Tun kafin nan, a watan Afrilu na 2012, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar kwana ta almajirai a Gagi, cikin Sakkwato, sannan a 2023 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta.

Amma gini kaɗai ba ya renon yaro. Da yawa daga makarantun almajirai na wancan shiri sun lalace domin ba a tanadi kuɗin abinci da albashin malamai ba. Haka kuma gidan da babu mai sa masa ido yakan zama kurkuku. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa, da yawansu kuwa yara ne.

Saboda haka gyara ya kamata ya fara daga rajista. Duk gidan da yara ke kwana a cikinsa, na gwamnati ne ko na malami ko na ƙungiya, a san da zamansa, jami'an jin daɗin jama'a su riƙa kai masa ziyarar ba-zata. Kowane yaro ya samu takarda mai ɗauke da sunansa da garinsu da danginsa. A raba makwancin manya da na ƙanana, a horar da masu reno, a kuma biya su a kan kari.

Ga gari irin Illela, abin da ya fi dacewa shi ne masaukin wucin gadi, inda yaron da aka tsinta a bakin iyaka zai ci, ya ga likita, kafin a binciko danginsa tare da hukumomin Ƙonni. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 sun fifita mayar da yaro cikin iyali a kan ajiye shi gidan reno, kuma yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala, watau riƙon da Musulunci ya sani, wanda ba ya canza nasabar yaro. A nan Hukumar Zakka da Wakafi ta jihar na iya tallafa wa dangin da suka karɓi maraya.

Hausawa na cewa ɗa na kowa ne. Nauyi yana kan Ƙaramar Hukumar Illela da hakimai da malamai su tabbatar cewa yaron da ya kwana a tashar mota jiya ya samu mai tambayar inda zai kwana yau.